Ina so in rage takin zamani in ƙara takin gida a gonar masara, wa ya taɓa gwadawa?

Manomin_Ngong:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni gani. Gonata kar huɗu ce, wato hekta guda, tsakanin Ngong da Lagdo, kuma ƙasar mai rairayi ce. Shekarun baya in na zuba buhu biyu na NPK da buhu ɗaya na yuriya, masara takan yi kyau har masu wucewa su tsaya kallo. Yanzu ma adadin nan nake zubawa, amma kara siriri, ganyen ƙasa yana yin rawaya tun ba ta yi goyo ba, in ruwa ya ɗan ɗauke sai ta naɗe ganye tun da hantsi. Ga buhu tun da ya hau a 2022 bai dawo inda muka san shi ba. Niyyata bana in rage takin zamani da rabi, in cike gurbin da kashin shanu da na awaki da muke tarawa a gida. Wanda ya taɓa yin haka, amfanin ya faɗi ne ko ya tsaya? Kuma rabin ya yi yawa?

Baba_Pitowa:
Wa alaikumus salam. Yaro, ƙasarka ce ta gaji, buhun bai canza ba. Yuriya shayi ce, takin gida shi ne tuwo. Mai shan shayi kullum ba tuwo zai yi ta kazar-kazar, amma wata rana ƙafa za ta ƙi ɗaukarsa. Mu da muka tashi, bayan kaka uba yakan je wajen Fulani a yi magana, shanu su kwana a gona har bazara, ana matsar da mashekari daga wannan gefe zuwa wancan. Inda suka kwana, shekara uku kana gane wurin da ido. Kai taki, Allah ya ba da sa'a.

Auduga_da_Masara:
Baba ranka ya daɗe, maganarka gaskiya ce, amma kada a ingiza bawan Allah ya yi asarar damina. Masara ba gero ba ce, ba ta haƙuri da yunwa. Rage rabi a shekara ɗaya a ƙasar rairayi, ni dai ba zan ba da wannan shawara ba. Rumbunsa ne zai gaya masa a watan Oktoba.

Malamin_Gona_Garwa:
Bari mu yi lissafi, don a nan ne mutane suke ruɗewa. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, saboda haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Buhun NPK 20-10-10 kuma yana da kilo 10 na naitirojin, sauran biyun, wato fosfat da fotash, kilo biyar-biyar. To busasshen kashin shanu irin wanda ake sharowa daga turke, naitirojin ɗinsa yakan kasance wajen kashi ɗaya cikin ɗari ne, in ya sha rana ya haɗu da yashi ma bai kai haka ba. Ke nan kafin ka tara abin da ke cikin buhun yuriya ɗaya, sai ka kai fiye da tan biyu na taki. Sannan ba ya sakin abin da ke cikinsa gaba ɗaya a damina guda, wani kaso bana, wani baɗi, wani baɗin waccan.

Kada wani ya ji wannan ya ce ashe takin gida aikin banza ne. Aikinsa daban ne. Yana sa ƙasar rairayi ta riƙe ruwa, yana kama sinadaran takin zamani kada ruwan Agusta ya wanke su zuwa inda saiwa ba ta kai ba, yana ciyar da tana da gara da ƙananan halittun da ido ba ya gani, yana kuma kawo wasu sinadarai irin su zinki da salfa waɗanda babu su a cikin yuriya. Abin da Malam Manomin_Ngong ya kwatanta, na zuba taki daidai da na da amma amfani na raguwa, alama ce ta ƙasar da ruɓaɓɓen abin da ke cikinta ya ƙare. Yuriya kuma in ana zuba ta shekara da shekaru ita kaɗai tana sa ƙasa ta yi tsami, musamman mai rairayi, kuma a ƙasa mai tsami fosfat ɗin da ka saya da kuɗinka yakan maƙale, masara ba ta samunsa sosai.

Shawarata: shekarar farko kada ka taɓa yuriya. In za ka rage, rage NPK, shi ma a kar ɗin da ka cika da taki kawai, domin kashin dabbobi yana da fotash da dama. Kuma maimakon ka barbaza ɗan abin da kake da shi a kar huɗu, tattara shi a kar ɗaya ya ji sosai, baɗi ka matsa na gaba.

Manomin_Ngong:
Malam Allah ya ƙara sani. Wannan lissafin tan biyu ya sa jikina ya yi sanyi. Shanun huɗa biyu gare ni da awaki kaɗan. A ina zan samo tan biyu?

Ɗan_Lere_Cadi:
Gaisuwa daga Mayo Kebbi. Ɗan'uwa, shanu biyu ba kaɗan ba ne in ka san yadda za ka tara. Yawancinmu abin da muke kwasa a turke busasshen kashi ne kawai, fitsarin kuwa ya tafi cikin ƙasa, alhali a cikin fitsarin ne ƙarfin yake. A nan wajenmu abin da muke yi, da an gama girbi sai a jibge karan masara da na dawa da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin shanun. Su tattake, su yi kashi da fitsari a kai, in ya jiƙe ya yi baƙi a ƙara wani sabon kara a sama. Kafin bazara za ka ga wurin ya yi tudu. Abin da za ka kwasa ya ninka na wanda yake share turke da tsintsiya kullum. In da hali ka yi masa rumfa, rana tana cinye taki.

Hajiya_Mai_Kaji_Marwa:
Ku manoma kuna mantawa da kashin kaji. Ya fi na shanu ƙarfi nesa ba kusa ba, buhu ɗaya nasa ya yi aikin buhu biyu ko uku na kashin shanu. Masu albasa da masu lambun bakin kogi suna yi mini layi tun kafin in share ɗaki. Sai dai ina gaya wa duk wanda ya saya, kada ya zuba shi ɗanye a gindin shuka. Wani yaro da ke saye wajena ya kwashi sabo da ɗuminsa ya zuba wa masara 'yar mako biyu, washegari bakin ganyen duk ya ƙone kamar an bi shi da wuta. A tara shi, a yayyafa ruwa, a rufe, a riƙa juyawa har warin nan mai shiga hanci ya tafi.

Malamin_Gona_Garwa:
Hajiya ta faɗi daidai, in ƙara abu ɗaya. Kashin kajin gidan gona yakan zo haɗe da garin katako ko buntun shinkafa da ake shimfiɗa musu. In shimfiɗar ta fi kashin yawa kuma ba ta ruɓe ba, halittun da ke ruɓar da ita za su ja naitirojin ɗin ƙasa su yi aikinsu da shi, masara ta yi rawaya makonnin farko. Haka ma ɗanyen kara in aka binne shi dab da shuka.

Bappa_Mayo_Rey:
Ina karanta ku tun ɗazu. Baba_Pitowa ya tuna zamanin da shanu ke kwana a gona, ni ma na tashi a ciki, mahaifina ne ke kai shanun. Manomi yakan ba mu dawa da gishiri, wani har da goro, mu kuma mu bar masa taki. Me ya kashe wannan? Burtali an nome shi, mashaya an kewaye ta da lambu, in saniya ta taka kunya ɗaya sai gaban jauro, wato mai gari, da biyan tara. Yanzu kuma manomi yana kwashe karansa da harawarsa ya kai gida ko ya sayar, to shanu su zo su ci me su yi kashin? Ga tsoron masu satar mutane da ya sa da yawa daga cikinmu suka bar daji. Takin da kuke nema yana nan wajenmu tuli, har ƙona shi ake yi a wasu rugage. A gyara zama tsakaninmu tukuna.

Auduga_da_Masara:
Bappa, da girmamawa, mu ma muna da namu ƙorafin. Auduga ba ta gama tsinkuwa sai Disamba ko Janairu, amma shanu sun riga sun sauko. Wanda garke ya shigar masa auduga da dare, ga bashin taki da magani na kamfanin auduga Sodecoton a wuyansa, ba za ka ce masa ya yi maraba da taki ba.

Bappa_Mayo_Rey:
Ban musa ba. Akwai yara marasa jin magana a cikinmu. Shi ya sa na ce a zauna gaban lawan a sa lokaci, kowa ya san ranar da aka saki gonaki.

Admin_Zauren_Manoma:
Jama'a a yi haƙuri, maganar manoma da makiyaya tana da nata zaren da muka buɗe tun kaka. Nan a taimaki mai tambaya.

Inna_Gidar:
Ni tambayata ga Malamin gona. Mu mata ba mu da shanu, ɗan filin bayan gida ne muke sa masara da kuɓewa da yakuwa. Abin da muke da shi toka ce da shara da kashin tumaki. Ina haɗa su duka a rami ɗaya. Daidai ne?

Malamin_Gona_Garwa:
Inna, ramin nan naki dukiya ne. Gyara ɗaya kawai: tokar ki ware ta. Toka tana da fotash kuma tana rage tsamin ƙasa, amma in ta haɗu da ɗanyen kashi ko da yuriya tana sa naitirojin ya tashi ya bi iska. Ki barbaza ta a fili ita kaɗai kafin huɗa, ko ki yayyafa kaɗan-kaɗan in takin ya riga ya ruɓe. Sannan a tsince leda da batiri da fasassun kwalabe daga shara.

Ɗan_Kusiri:
Wannan magana ta leda a ja mata layi. Masu kwaso juji daga cikin gari suna kaiwa gona, ku je ku ga abin da ke faruwa. Gona ta koma fari da baƙi da leda, garma na ja tana naɗewa, saiwa ta tarar da leda ta lanƙwashe. Tumaki su ci su kumbura. Juji yana da kyau in tsoho ne ya ruɓe ya yi baƙi, amma sai an tace shi da rariyar waya irin ta magina. Kuma jujin da ke kusa da asibiti ko garejin makanikai, ko kyauta aka ba ka kada ka ɗauka.

Manomi_Ɗan_Haya:
Duk wannan da kuke faɗa na masu gonar gado ne. Ni daga wajen Mokolo iyayena suka sauko Binuwai, har yau haya nake yi, shekara-shekara ake biya. Malam ya ce taki yana aiki bana da baɗi da baɗin waccan. To wa ya ba ni tabbacin baɗi? Na ga maƙwabcina ya yi rani guda yana jigilar taki da puspus, wato amalanken turawa, shi da 'ya'yansa, gona ta yi baƙi, masara ta yi abin mamaki. Da shekara ta zagayo mai gona ya ce ɗansa zai noma. Ya karɓe ta da takin a ciki. Irinmu dole mu riƙe buhu, shi ne kake zubawa bana ka kwashi abinka bana.

Baba_Pitowa:
Wannan zalunci ne, kuma yana faruwa, ba sau ɗaya na gani ba. Ɗana, in za ka karɓi gona ka nemi a yi maka shekara uku, a rubuta a gaban jauro da shaidu. Masu gona su ma su ji tsoron Allah. Gonar da ake ba ɗan haya shekara ɗaya-ɗaya ƙarshenta faƙo ce, ko ciyawa ba za ta fito ba, kuma jikokin mai ita ne za su gaje ta a haka.

Ɗalibi_Ngaundere:
Ina karatun aikin gona, bari in kawo abin da muka karanta don ya dace da tambayar farko. Akwai gwaje-gwaje biyu da suka daɗe a yankinmu. Ɗaya a Samaru kusa da Zariya, an fara shi tun 1950, ana kwatanta filayen da ake sa wa kashin shanu da waɗanda ake sa wa takin zamani da waɗanda ake haɗa musu. Ɗayan a Saria cikin Burkina Faso, tun 1960, a kan dawa. Abin da aka gani a Saria shi ne filin takin zamani zalla ya yi kyau shekarun farko, daga baya ƙasar ta yi tsami amfani ya riƙa sauka, filin da ake haɗa takin zamani da kashin shanu kuwa ya riƙe amfaninsa. Ƙasarsu ba ta da nisa da irin tamu.

Wani abin kuma, mu a Afirka ba yawan takin zamani ne ya dame mu ba kamar Turai ko Sin. A taron Abuja na 2006 shugabanni sun sa burin a kai kilo 50 na sinadarin taki a kowace hekta, kuma yawancin ƙasashe ba su kai ba. Da aka sake zama a Nairobi a watan Mayun 2024, lafiyar ƙasa aka sa a gaba tare da takin. Saboda haka in ka ga bidiyo daga waje ana cewa a daina takin zamani kwata-kwata, ka tuna su ƙasarsu ta ƙoshi ne, tamu yunwa take ji.

Auduga_da_Masara:
Yauwa ɗalibi, abin da nake faɗa ke nan tun farko. A ƙara taki a kan buhu, ba a cire buhu ba.

Ɗan_Lere_Cadi:
A'a, ba haka ya ce ba gaba ɗaya. Wanda ya kai taki sosai yana iya rage buhu, ni shaida ne. Kar ɗin da na fara gyarawa yanzu NPK kaɗan nake sa masa a gindi lokacin shuka, cikin murfin kwalba ga kowane rami, sai yuriya lokacin huɗa ta biyu, kuma ba ya kasa kar ɗin da ke cin cikakken buhu. Shekarar da ruwa ya yi tsaiko a watan Yuli ma shi ne ya tsaya kore, na gefensa ya yi yaushi. Amma ba a shekarar farko na ga haka ba, gaskiya ce.

Ɗalibi_Ngaundere:
Wannan na murfin kwalba masu binciken cibiyar nazarin noma ta ICRISAT a Nijar sun yi aiki a kansa sosai, amma a kan gero da dawa aka fi gwada shi. Masara ta fi su ci, don haka murfi ɗaya ba taki a ƙasa ba zai kai ta ba. Naka ya yi ne saboda takin da ke ƙarƙashi.

Sarkin_Noma_Tubboro:
Har yanzu ba wanda ya ambaci ƙuduji, kuma ina da tabbacin gonar mai tambaya tana da shi. Duk inda ƙasa ta mutu, can yake fure. Ƙwayarsa tana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma tana jira, kuma tsiro ɗaya yana zubar da dubbai. Taki yana rage masa ƙarfi, amma ba ya kashe shi shi kaɗai. Ka daina bin masara da masara. Sa waken suya ko gyaɗa ko auduga a tsakani, saiwarsu tana sa ƙwayar ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu. Waken suya kuma yana bar wa ƙasa ɗan abin da masara za ta tarar. Nan wajenmu wanda ya sa masara a bayan suya ya san bambanci. Kuma a tuge ƙudujin kafin ya yi ƙwaya, a fitar da shi daga gona a ƙone, kada a jefa wa dabbobi ko cikin ramin taki.

Manomin_Ngong:
Sarkin noma kamar ka zo gonar. Gefen gabas duk shekara sai ya yi ja da furensa. Kuma shekara da shekaru masara ce a wurin.

Baba_Pitowa:
Ku ƙara da gawo. Itace ne da ke zubar da ganye da damina ya fitar da rani, ba ya tare wa shuka rana, shanu suna hutawa a inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Je ka ƙasar Tupuri ka duba dawar da ke gindinsa. A shekarun 1990 ma'aikatan wani shiri na Sodecoton sun yi ta bin ƙauyuka suna ƙarfafa mutane su bar ƙananan gawo a gona, ana shafa musu fenti don kada a sare. Waɗanda suka ji, yau suna da itatuwa. Yaran yanzu da garma da maganin ciyawa ba sa barin ko ɗaya.

Inna_Gidar:
Baba gaskiya ne, amma gawo sai an yi shekaru. Bawan Allah bana yake tambaya.

Hajiya_Mai_Kaji_Marwa:
Manomin_Ngong, in za ka nemi kashin kaji ka nema tun Fabrairu. Da an shiga Mayu farashi ya tashi kuma ba ka da lokacin da zai ruɓe.

Manomin_Ngong:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Ga abin da na tsayar. Kar na gabas mai ƙuduji zan sa masa waken suya. Duk takin da na tara zan zuba a kar ɗaya, in rage masa NPK da rabi, yuriya kuma in bar ta yadda take. Sauran biyun zan yi musu yadda na saba, don in ga bambanci da idona a kaka. Daga yau kuma zan fara shimfiɗa wa shanun kara kamar yadda ɗan'uwa na Lere ya ce. Malam, yaushe ya fi a kai takin gona, yanzu ko sai ruwa ya sauka?

Malamin_Gona_Garwa:
Ka kai shi dab da faɗuwar ruwa, ka ajiye tsibi-tsibi, kada ka baza sai ranar da za ka bi da garma ta rufe shi. Wanda aka baza tun Maris rana da iska da gara sun gama da rabin amfaninsa kafin shuka. Yuriyar ma ka riƙa rufe ta da ƙasa, a kan danshi, wajen wata ɗaya zuwa kwana 40 bayan shuka. Kuma in za ka gwada, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, in ba haka ba ba za ka san abin da ya kawo bambancin ba.

Auduga_da_Masara:
Ni har yanzu ina ganin rabin NPK ya yi yawa a shekarar farko, ko da a kar ɗaya ne. Fosfat ɗin kashin shanu kaɗan ne, kuma ƙasar Binuwai dama shi ta fi rasa. Da ni ne kashi ɗaya cikin uku zan cire.

Ɗan_Lere_Cadi:
Ya danganta da yawan takin da ya samu. In amalanke uku ne kawai a kar, ina bayanka. In ya cika wurin har ƙasa ta ɓace a ƙarƙashi, rabi ba zai cuce shi ba.

Manomi_Ɗan_Haya:
To ni da ba ni da shanu ba ni da gona fa? In na sa waken suya bana don masarar baɗi, shi ma ai mai gona zan gyara wa. Akwai wanda ya taɓa samun hayar shekara uku a rubuce a wajen Ngong ko Lagdo? In akwai ya gaya mini yadda suka yi da jauro, da abin da aka ƙara masa a kan kuɗin hayar.